Manomi mai ƙera jirgin sama da karan dawa

A wani ƙauye na jihar Maraɗi akwai wani dattijo wanda shekarunsa sun wuce 60. Manomi ne ɗan manomi. Yana noma hatsi da wake, yana da tumaki 4 da jaki 1. Wanda ya shiga zaurensa ya ɗaga kai zai ga jiragen sama rataye da zare a jikin azara. Sun fi 20. Wasu na karan dawa ne, wasu na gwangwani. Ɗaya kuma na roba ne, ya tsufa, fentinsa ya koɗe. Shi dattijon bai taɓa sa ƙafarsa cikin jirgi ba. Ko Makka bai je ba tukuna, Allah ya ba shi iko.

Abin ya faro ne a kakar 1972. Lokacin yana ɗan shekara 10. Ubansa ya ɗora gujiya a jakai, suka tafi Maraɗi sayarwa. A hanyar komowa sun bi ta gefen filin jirgi. Sai suka ji ruri daga sama kamar hadari, alhali babu gajimare. Jakai suka firgita. Jirgin kamfanin Air Niger ne, wanda aka kafa a 1966. A wancan zamani shi ke yawo tsakanin Yamai, Tawa, Maraɗi, Damagaram da Agadas. Kamfanin ya daɗe da mutuwa.

Yaro ya saki igiyar jaki, ya ruga bakin waya. Ya ga jirgin ya sauka, ya ta da ƙura, ya tsaya. Hancinsa na sama, bindinsa na ƙasa bisa wata ƴar ƙaramar taya, kamar kare ya zauna. Farfela 2 gare shi, ɗaya a kowane fiffike. Aka buɗe ƙofa, mutane suka fito suna gyara riguna kamar daga kamyo suka sauko. Yaro na nan tsaye baki buɗe har ubansa ya zo ya ja shi da kunne.

Kowane yaron ƙauye ya iya motar kara. A feƙe ɓawo, a yanka totuwa, a soke wannan cikin wancan. Shi kuwa da ya komo gida jirgi ya yi. Yara suka taru suna murna. Shi bai yi murna ba. Ya dube shi ta gaba, ya dube shi ta gefe, ya ce bai yi kama ba. Ya sake wani, fukafukai suka yi gajarta. Ya sake wani, ciki ya yi ƙato kamar na jaɓa. Ya san akwai kuskure, amma bai san inda yake ba.

Sai fari ya zo, na 1973 da 1974. Kara ya zama abin nema. Wanda yara ke wasa da shi a da, yanzu a kasuwa ake sayar da shi don dabbobi. Wata rana uban ya tarar an zare kara daga tarin da ya ɓoye bisa rumfa. Ya bi sawu har bayan rumbu. Ya iske yaron da wuƙa a hannu da jirage 3 a gabansa.

Ya ce: "Kai yaro, akuya na kuka da yunwa, kai kana wasa da abincinta?"

Ya yi masa dukan da bai manta ba har yau. Ya kakkarya jiragen ya zuba wa awaki. Duk wanda ya ga waccan shekara ba zai ga laifin uban ba.

Yaro ya girma, ya yi aure, ya bar zancen jirgi. A 1984 wata yunwa ta sake faɗowa, wadda mutanen Maraɗi ke kira El-Buhari. Iyakar Najeriya na rufe, hanyar cin rani zuwa Katsina da Kano ta toshe. Sai ya nufi Yamai. Allah ya taimake shi ya samu aikin gadi a gidan wani Bature mai aikin haƙar rijiyoyi.

Kowane dare, in an gama cin abinci, sai ya hangi fitila a ɗakin Baturen. Mutum ne mai furfura, mai ƴaƴa manya. Yana zaune ya duƙufa bisa tebur da ɗan buroshi siriri kamar tsinken tsintsiya. Wata rana aka kira mai gadi ya shigo da kaya. Da ya ɗaga ido sai ya ga ƙananan jirage jere bisa katako. Cikinsu akwai wanda hancinsa ke sama, bindinsa ke ƙasa. Ya aje kayan, ya nuna da yatsa.

Ya ce: "Mushe, wannan na san shi. Na gan shi a Maraɗi."

Baturen yana jin Hausa kaɗan kaɗan. Ya yi dariya, ya sauko da shi, ya ɗora masa a tafin hannu. Ya ce sunansa DC-3, sojan Ingila kuma suna ce masa Dakota. A Amurka aka ƙera shi. Ya fara tashi ranar 17 ga Disamba 1935. An yi irinsa fiye da 16.000, in an haɗa da na soja. Fasinja 21 zuwa 32 yake ɗauka, kuma ba ya ƙin filin ƙasa marar kwalta. Shi ya sa ya yi aiki ƙwarai a Afirka.

Mai gadi ya juya shi a hannu. Wannan kam ya yi kama. Babu inda ya fi, babu inda ya gaza.

A ƙasashen Turawa wannan abu sha'awa ce ta yara da manya. Kamar yadda wani ke kiwon tantabaru, wani ke ƙawata doki, haka su wasunsu ke haɗa ƙananan jirage. Akwai masana'antu da ke yin su. Airfix na Ingila ya fitar da jirginsa na farko, Spitfire, a 1953. Heller na Faransa ya fara a 1957 da jirgin Caravelle. Ana sayar da jirgin cikin kwali, a wargaje. Gutsattsarin roba ne manne a jikin wani rassa, kamar ƴaƴan dabino a jikin nono. Kowane gutsure da lambarsa. Cikin kwalin akwai takarda mai zane, tana nuna lamba kaza ta shiga cikin lamba kaza. Jirgin ba ya tashi. Kallo ake yi. Daɗin abin yana cikin haɗawa da kuma kamannin.

A 1986 aikin Baturen ya ƙare. Ranar da zai tafi ya ba mai gadi kuɗin sallama, ya ƙara masa da kwali ɗaya sabo. Dakota ne, da abin liƙi a ciki.

Ya komo ƙauye da kwalin cikin buhu. Da dare ya kunna fitila ya buɗe. Nan ya tsaya. Ya yi karatun allo, amma lambobin boko bai san su ba. Ya duba 6, ya duba 9, duk ɗaya gare shi. Ya ji tsoron ya liƙa abu inda ba wurinsa ba, don kwalin ɗaya ne tak, ba shi da na biyu a duk ƙasar. Ya rufe, ya sa ƙarƙashin gado.

A ƙauyen akwai ajin yaƙi da jahilci, ana yi da rani a rumfar kara. A da ya taɓa zuwa kwana 5 ya gudu. Wannan karo ya koma da kansa, ya zauna a tabarmar gaba. Malamin aji ya tambayi kowa dalilin zuwansa. Wani ya ce don kada a cuce shi a sikeli. Wani ya ce don ya karanta wasiƙar ɗansa. Shi ya ce don ya haɗa jirgi. Aka yi ta dariya har malamin ya buga allo. Rani 2 ya yi yana zuwa. Ya iya lambobi, ya iya tarawa da ɗebewa, ya iya ninkawa da rabawa. Rabawa ce ta fi ba shi wuya.

Sannan ya fiddo kwalin. Ga abin da ya koya, kuma da asara ya koye shi.

Ba a ɓalle gutsure da hannu. Da reza ake yanke shi, a kankare bakin. Ba a liƙa abu sai an gwada shi a bushe an ga ya zauna. Abin liƙin nan ba irin ƙaro ba ne. Narkar da roba yake yi, ɓangare biyu su zama ɗaya, kamar yadda maƙeri ke haɗa ƙarfe da wuta. In ya yi yawa sai ya ci jikin jirgi. A fiffiken hagu har yanzu akwai shaidar babban yatsansa, inda ya danna roba tana da taushi. Tagogin gaba kuma sun yi hazo, don abin liƙi ya taɓa su. Fenti bai samu na ainihi ba. Ya sayi na azurfa wajen mai gyaran keke. Ya shafa da kauri a lokacin hunturu, ƙura ta bi ta manne. Sai da ya kankare ya sake, shafi siriri sau 2, da asuba kafin iska ta taso, ya kife masa ƙwarya har ya bushe. Rubutun jikin jirgi a wata takarda yake. Ana jiƙa ta da ruwa, rubutun ya sulɓe, a zaunar da shi a hankali.

Cikin kwalin akwai matuƙa jirgi, kowane bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Ya fenta ɗaya ya aje bisa tabarma ya bushe. Kaza ta zo ta haɗiye shi. Matarsa ta hana a yanka kazar, don tana ƙwai.

Amma babban abin da ke cikin kwalin nan a bayansa aka rubuta shi. Lamba ce: 1/72. Ya kai wa malamin aji. Malamin ya ce: "Ma'anarta, kowane abu a jikin wannan ƙarami, na gaskiya ya ninka shi sau 72. Tsawo sau 72, faɗi sau 72, taya sau 72."

A Ingila aka soma wannan awo a shekarun 1930. Sun zaɓe shi ne don mutum mai tsawon ƙafa 6 ya koma inci 1. Amma manomin ya gano wata hanya tasa. Santimetir 1 sau 72 ya zama santimetir 72. Ya auna takunsa da sandar awo ta ƴan lakwal, ya ga kusan haka yake. Ashe kowane santimetir a jikin ƙaramin jirgi taku ɗaya ne na babban mutum.

Ya auna fukafukan daga wannan baki zuwa wancan: santimetir 40. Ya auna daga hanci zuwa bindi: santimetir 27. Da safe ya tafi gona, lokacin an gama girbi. Ya kafa turke, ya yi taku 40, ya kafa wani. Ya gicciya, ya yi taku 27. Ya ɗauki hauya ya zana jirgin gaba ɗaya a ƙasa. Lissafinsa bai kauce ba, don faɗin Dakota na gaskiya metir 29 ne, tsawonsa kuma ya kusa metir 20. Ya shiga tsakiyar zanen ya tsaya. Masu wucewa zuwa kasuwa suka kai labari gari cewa wane ya taɓu.

A ranar ya gane abin da ya dame shi tun yana yaro. Ido na ruɗi. Abin da ya burge ka, shi kake ƙara wa girma. Daga nan ya koma ga kara, amma da sandar awo a hannu. In ya samu hoton jirgi a tsohuwar jarida, ko wadda aka ƙunshe tsire da ita ce, sai ya goge ya adana. Ya yi Caravelle, mai injuna a baya kusa da bindi, irin wanda kamfanin Air Afrique ya yi aiki da shi. Wannan kamfani na ƙasashen Afirka ne, har da Nijar. An kafa shi a 1961, ya rushe a 2002. Ya yi ƙaramin jirgin feshi, wanda ya gani da idonsa a shekarar fara ta 1988. Totuwa ce jiki, ɓawo ne haƙarƙari, ƙaya ce ƙusa, ƙaro ne abin liƙi. Babban maƙiyinsa gara. Shi ya sa yake rataye su.

Ya kuma so ya ga ɗaya ya tashi. Ya yanko roba siririya daga cikin tayar keke, ya ɗaura ta ga farfelar gwangwani, ya murɗa, ya saki. Na farko ya soki ƙasa da hanci. Na biyu ya ɗaga kai sama ya faɗo da baya. Sai ya tuna da lodin jaki. In kaya ya yi gaba ko ya yi baya, jaki ba ya tafiya. Ya ɗora jirgin bisa yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai, wajen sulusin faɗin fiffike daga gaba. Ya riƙa manna laka kaɗan kaɗan a hanci har ya daidaita. Ya ɗan ɗaga bakin fiffiken sama. Wanda ya taɓa miƙa tafin hannu waje daga kamyo mai gudu ya san wannan: in ka karkata hannu, yana tura iska ƙasa, iska kuma tana tura shi sama. Jirgin ya yi taku 30 a sama, ya sauka bisa danga.

Kada a raina wannan. Wa da ƙane ne, Wilbur da Orville Wright, suka fara tashi da jirgi mai inji a Amurka, ranar 17 ga Disamba 1903. Masu gyaran keke ne. Tun suna yara, a 1878, ubansu ya kawo masu abin wasa mai tashi da roba. A 1901 sun gwada ƙananan fukafukai wajen 200 cikin wani akwati da suke hura wa iska. Tashinsu na farko daƙiƙa 12 ne, nisan metir 37.

Surutu dai bai ƙare a gari ba. Wani ya kai ƙara wajen liman, ya ce ana rataye gumaka a zaure. Liman ya zo ya duba, ya ce jirgi ba shi da rai, kamar kwale-kwale ne ko amalanke. Ya ƙara da cewa a dai riƙa tashi in an kira salla. Matarsa kuwa tata damuwar reza ce, wadda ba ta taɓa samu inda ta aje ta.

A watan Oktoba 1991 aka yi abin baƙin ciki a Toda, cikin jihar Maraɗi. Rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara na Fulani. A 1993 gwamnati ta fitar da dokar ƙasar karkara. Daga baya aka kafa kwamitoci, aka shiga shata burtali da turakun siminti.

Da layi ya zo kan ƙauyensu, ma'aikata suka sauka ƙofar maigari da wata babbar taswira. Sun ce an zana ta ne daga hotunan da jirgin sama ya ɗauka tun shekarun 1950, aka haɗa da shaidar tsofaffi. Ardo ya zo da mutanensa, manoma suka zo da nasu. Aka shimfiɗa takarda, kowa ya dube ta, babu wanda ya gane kome. Manoma na cewa an sayi ma'aikata. Makiyaya ma haka suke cewa. Murya ta fara tashi.

Manomin nan ya matso, ya durƙusa. Ba tsakiyar takarda ya duba ba, kusurwa ya duba. Ya ga 1/5000. Ya yi lissafi a ƙasa da tsinke. Santimetir 1 metir 50 ke nan, wato wajen taku 70. Ya gano tsohuwar rijiya a taswirar, ya gano kukar bakin gari. Ya ciro sandar awonsa daga aljihu ya ɗora bisa burtali. Santimetir 1 cif.

Ya ce: "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in taka."

Aka ɗunguma zuwa burtali. Ta gabas akwai tsohon shingen aguwa, yana nan tun kakanni. Daga nan ya fara. Jama'a na ƙirgawa da shi da ƙarfi. A taku 44 ƙafarsa ta shiga gona. Gonar gandunsu ce.

Ya tsaya. Shi kaɗai ya san abin da ya tuna a lokacin. Ta yamma ma a da akwai aguwa. Yana yaro, zamanin da gujiya ke kuɗi, shi ya riƙa jan rassan da ubansa ke sarewa. In da ya ce takarda ta yi kuskure, duk manoma za su bi bayansa, don shi kaɗai ya iya karanta ta a garin. Ya ci gaba da tafiya cikin kunyoyi har ya cika 70. Ya soke sandarsa.

Ya ce: "Ranka ya daɗe, takarda ba ta yi ƙarya ba. Taku 26 na shanu ne, suna cikin gonarmu."

Ƙanensa ya zaburo, ya ce: "Yaya, gumin Baba ne ka bayar, saboda wasan yara!"

Bai amsa ba. Makwabtan da ke bin layin ba su ji daɗi ba, amma bakinsu ya mutu, tun da mai awo da gonarsa ya fara. Kafin la'asar an haƙa ramukan turaku. Ardo bai yi dogon jawabi ba. Washegari ya aiko da ƙwaryar nono.

Yankin da aka cire yana ba da dami 15 in damana ta yi kyau. Ƙanen ya raba gandu, ya yi damana 2 ba ya gaishe shi. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa na 2004, rumbu ya ƙare tun kafin shuka. Matarsa tana kankare gindin tukunya ta ce: "Malam, dami 15." Sau ɗaya ta faɗa, ba ta sake ba. Shi ma bai ce kome ba. A shekarar ya sayar da tumakinsa duka, kuma bai taɓa kara ba sai da aka yi sabon girbi.

Yanzu idonsa ya yi rauni. Jikansa ne ke riƙe reza, shi yana riƙe sandar awo yana faɗin lamba. Jikan yana nuna masa hotunan jirage a wayar hannu, tsohon yana tambayar faɗin fiffike kafin ya tambayi suna. In an gaya masa, sai ya raba da 72 a ka.

A kakar da ta wuce shanu suka biyo burtali za su kudu. Wani ɗan Fulani ya bar garke ya leƙo zaure neman ruwa. Ya sha, ya ɗaga kai, ya manta da kofin a hannunsa. Tsohon ya sa aka sauko da Dakota, ya ɗora masa a tafi. Yaron ya kai ido kusa da tagar nan mai hazo, ya daɗe yana leƙe.

Ya ce: "Baba, mutum ɗaya ne a ciki. Kujerar gefe ba kowa. Ina ɗayan?"

Tsohon ya ce: "Kaza ta cinye shi."